Dokar Hana Wanki ta Malam Ladan

"Ni Ladan, idan na tsara tafiya, ko ruwan sama sai ya leƙa takardata kafin ya sauko."

Haka Malam Ladan ya faɗa ranar Litinin a tsakar wani gidan haya da ke Suleja, hannu ɗaya a kan tumbinsa, ɗayan yana kaɗa takardar. Daga Funtuwa ya kwaso iyalinsa, matarsa Sailuba da 'ya'yansu mata biyu, Rukayya da Tayyiba, za su yi hutun kwana shida wajen Khamis, ƙanin Sailuba, wanda ke aiki a Abuja yana kwana a nan. In ba ka san Malam Ladan ba, to makullin sito yake riƙewa a wata makaranta. Amma in ka ji shi yana bayani, sai ka rantse makullin jihar gaba ɗaya ne a aljihunsa.

"Sashe na ɗaya," in ji shi, "babu wanki a hutu. Wayayyun mutane ba sa yi. Sailuba, shekara goma sha ɗaya hannunki yana cikin kumfa. Kwanakin nan ko hankici kika wanke, na yi fushi."

Maganar ta yi wa Sailuba daɗi, har ta sunkuyar da kai. Mutumin nan, duk cika bakinsa, wani lokacin yakan yi tuntuɓe da magana mai taushi. Daɗin bai gama sauka ba ya zaro wata ƙatuwar jaka mai zanen gida-gida, irin buhun nan da ake kira gana-mas-go.

"Duk abin da aka cire, nan ciki. Sai mun koma gida. Sashe na biyu, ankonmu zai kwanta a can ƙasan buhun, cikin leda. Ɓarawo yana buɗe akwati, yana ɗaga katifa, amma ba a taɓa yin ɓarawon da ya tona kayan datti ba."

A nan Sailuba ta ɗago kai. Ankon nan shi ne dalilin zuwanta Suleja. Shadda ce ruwan sararin samaniya, ta sa aka ɗinka musu su huɗu, tasa babbar riga ce mai aiki har ciki. Burinta guda ne: ranar Asabar da ƙarfe goma, kafin su hau motar komawa, su tsaya gaban Dutsen Zuma a ɗauke su hoto. Tun da aka yi aurensu ba su da hoto tare. Ranar bikin, daidai lokacin da mai hoto zai danna, ango ya zabura ya tafi koya masa yadda ake riƙe kyamara. Aka wanko hoto, ga amarya tana murmushi, ga kunnen ango da gwiwar hannunsa a gefe. Hoton yana nan a ƙasan akwatinta. Wani lokacin takan ɗauko ta kalli kunnen.

"Baban Rukayya, ba za su ɗauki wari ba?"

"Tsari ba ya wari," in ji Sarkin Tsari.

Ranar Talata ya kai su Gauraka cin sakwara da miyar agushi. Ya ce yara su zuba ido su ga yadda mai farar riga yake cin miyar manja: a ja kujera baya, a miƙa wuya, a kawo loma daga nesa. Lomar ta taso daga nesa kamar yadda aka tsara, sai dai a hanya ta sauya shawara ta sauka a ƙirjinsa. Riga ta ɗaya ta shiga buhu.

Ranar Laraba ya hana a ɗauki lema, domin babu ruwa a takarda. Ruwan bai leƙa takardar ba. Suna raɓe a bakin titi yana yi wa hadarin faɗa, wata tirela ta bi ta cikin kwatami ta yi masa fenti da jar laka daga hula har takalmi. Riga ta biyu ta shiga buhu.

Kai mai karatu, kada ka ɗauka Sailuba tana zaune. Kullum da safe Malam Ladan yakan fita teburin mai shayi ya koya wa mutanen Suleja yadda za a magance cunkoson hanyar Abuja. Yana fita, sai ta kwashe nata da na yara daga buhun ta zagaya bayan gida, inda maƙwabciyar Khamis, Madam Debora mai sayar da gwanjo, take wanki. A ranta ta ce ba wanki take yi ba, taya Debora hira take yi da hannu.

"Maman Rukayya," in ji Debora, tana matse wani siket, "wannan oga naki, soja ne da?"

"A'a. Sito yake tsaro."

"Ayya. Shi ya sa yake son ajiya."

Tun ranar Talata Sailuba ta zare ankonta da na yara ta ɓoye a ɗakin Debora. Nasa ne ya gagara, domin kullum da yamma sai ya tura hannu har kafaɗa cikin buhun ya shafo aikin wuyan rigarsa ta cikin leda, ya gyaɗa kai kamar likitan da ya ji bugun zuciya.

Ranar Alhamis suka bi ta Lambata zuwa kallon ruwan Gurara. Malam Ladan ya tara 'ya'yansa ya ce duwatsu iri biyu ne, mai santsi da marar santsi, kuma shi da ido yake bambancewa. Ya zaɓi marar santsi ya taka don misali. Masu yawon buɗe ido uku ne suka jawo shi daga cikin ruwa.

Da suka dawo gida yana ɗiga, Sailuba ta ce, "Kawo in baza maka a igiya su sha iska."

"Shanya ƙanwar wanki ce, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Doka ta haɗa da ita."

Ya dunƙule jiƙaƙƙun kayan ya danna a buhu, ya ja zif. Damina ce, ɗakin kuma ba ya samun iska.

Ranar Juma'a da yamma Khamis ya dawo daga aiki, ya sa ƙafa ɗaya a ɗaki, ya mayar da ita waje.

"Yaya Ladan, ɓera ne ya mutu?"

"Hancinka ne bai saba da hutu ba."

Yana rufe baki wata tsaka ta saki bango ta faɗo ƙasa. Malam Ladan ya dube ta, ya dubi buhun, idanunsa na ruwa, sai ya sanar da cewa ya yi wa tsarin kwaskwarima: buhu zai kwana a zaure, inda iska take. Ya cire kaftaninsa na ƙarshe ya ƙara a ciki, tunda gobe ranar anko ce, ya rage daga shi sai singileti da gajeren wando.

"Ka ciro babbar rigar tukuna," in ji Sailuba.

"Ta kwana a fili? Warin nan ya fi maigadi uku."

"Baban Rukayya, jakunkunan Madam Debora suna zauren, irin naka ne sak. Da asuba mijinta Dokas yake kwashe su zuwa kasuwa."

"Kin ɗauka ban hango ba? Alama zan yi masa."

Ya ga wasu jajayen ƙyallaye a rataye jikin ƙusa a zauren, ya zari ɗaya ya ɗaura a hannun buhun, ƙulli biyu. Abin da Gwamnan Buhu bai tambaya ba shi ne amfanin ƙyallayen. Da su ne Debora take yi wa Dokas alamar jakar da kayanta suka fi kyau, wadda za a fara buɗewa.

Asabar da safe ya fito zaure yana 'yar waƙa. Zaure fes, har an share. Ya duba bayan ƙofa. Ya duba sama, kamar buhun zai iya hawa rufi. Ya juyo da gudu, sai ya yi turus: ga Sailuba da 'yan mata biyu a tsakar gida cikin shadda ruwan sararin samaniya, an goge ta tana ƙyalli.

"A ina kuka samu? Sailuba, kin karya doka?"

"Lanƙwasa ta na yi kaɗan."

Debora ta kira wayar Dokas sau huɗu bai ɗauka ba. Khamis ya kawo jallabiyarsa, amma Khamis siriri ne kamar tsinken tsintsiya, jallabiyar ta shiga kai ta tsaya a kafaɗa, sai da mutum biyu suka ja ta fita. A ƙarshe Malam Ladan ya yafa zanen gado mai hoton furanni, suka cika keke napep guda suka nufi kasuwa. Duk wanda ya kalle shi a hanya sai ya yi masa sannu da jiki.

Dokas na hango matarsa ya washe baki.

"Madam, yau mun buɗe da sa'a. Jakar nan mai jan ƙyalle, akwai wata babbar riga a leda, sabuwa dal. Ban gama rataye ta ba wani mutumin Lambata ya saya. Ɗaurin aure za shi, a nan ya saka ta. Kai, ta zauna masa. Kamar don shi aka ɗinka."

Zanen gadon ya yi wani irin nishi.

"Amma sauran kayan," in ji Dokas, ya toshe hanci ya nuna buhun da ƙafa, can nesa da rumfa, "wa ya cuce ki da su? Duk sun yi fumfuna, kore da baƙi. Na ba mai goge motoci kyauta ya ce shi ma yana da mutunci. Kamar daga rafi aka tsamo mai su."

"Tsamo shi aka yi," in ji Sailuba a hankali.

Debora ta ja mijinta gefe. Ana yi masa bayani bakinsa yana ƙara buɗewa. Ta dawo tana ba da haƙuri, ta ce ta san mutumin, za ta karɓo rigar, amma ba yau ba, domin yanzu haka rigar tana cin shinkafar biki.

Malam Ladan ya gyara zanen gadonsa kamar mai alkyabba. "An soke hoto. Za a sake tsari baɗi."

Sailuba ba ta ɗaga murya ba. Ta matso kusa da shi yadda yara ba za su ji ba.

"Baban Rukayya, shekara goma sha ɗaya ina kallon kunnenka. Kunne ne mai kyau, ban raina ba. Amma yau fuskarka nake so, ko a cikin zanen gado ne."

Malam Ladan ya dubi zanen gadon da ke jikinsa. Ya juya ya ce wa Dokas, "Me kake da shi daidai ni?"

Aka zazzage rumfar. Abu ɗaya ne ya yarda ya zagaye tumbin: wata tsohuwar rigar kaki mai gajeren hannu da wandonta iya ƙwauri. Dokas ya haɗa masa da silifas. Ya saka, ya ja numfashi maɓallan suka shiga, nan take muryarsa ta dawo.

"Wannan ai shi ake yayi a Abuja. Da ma na so in sa irinsa."

Buhun kuma ya ce ba zai sake rabuwa da shi ba. Mai keke ya ƙi yarda a sa shi kusa da fasinja, sai a baya aka ɗaure. Da suka sauka, Malam Ladan ya ɗora shi a ka da kansa.

Goma da kwata suka iso. Dutsen Zuma yana tsaye baƙi ƙirin, ruwan jiya ya wanke shi, wani siririn gajimare ya naɗe masa kai. Sailuba ta tsaya tana kallonsa. Jide mai hoto, wanda Khamis ya yi magana da shi ta waya, yana jira da kyamara a wuya. Ya jera 'yan matan a gaba, ya gyara wa Sailuba mayafi da baki, ya ja baya. Malam Ladan ya shigo gefenta, buhu a ka, ya fara motsi.

"Malam, ba haka ake riƙe kyamara ba. Bari in zo in..."

Sailuba ta damƙe gefen rigar kakin. Ta shekara goma sha ɗaya tana shirya wannan damƙar.

Jide ya ɗago daga kyamara, ya dubi silifas, ya dubi kaki, ya dubi buhu.

"Hajiya, don Allah ki ce wa mai wankinku ya ɗan matsa gefe. Kuma ki kira Alhaji a waya, rana tana yi."

Malam Ladan ya juyo gaba ɗaya, ido waje, baki buɗe, fuskar nan cif a gaban kyamara. Sailuba ta jingina kanta a kafaɗarsa, ta yi murmushin da ta yi ranar bikinta.

"Danna kawai," ta ce. "Bar shi ya shiga. Gobe zai fara aiki."