Ranar da Na Kai Isuhu a Duba Masa Kai

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a Lyon, cikin shekarun 1990, ina shekara ta biyu a karatun injiniya a Villeurbanne, wani gari da ke manne da birnin. Ranar ce na ɗauki abokina na kai shi a gyara masa hankali. Ni ɗin nan fa!

Isuhu ɗan Maradi ne, ɗakinsa yana jikin nawa. Mutum ne shiru-shiru, kuma duk Asabar sai ya ɓace, ba wanda ya san inda yake zuwa. Ni kuwa tuni na yanke hukunci: sanyin Turai ya taɓa shi. Ran nan sai ya miƙo mini wata takarda, wai wata ƙungiya tana wayar da kan baƙi kan lafiyar ƙwaƙwalwa, akasarinsu 'yan Chile da Kolombiya da Pakistan da Siri Lanka, har wata likita za ta zo daga Paris. "Ka raka ni mana," in ji shi. Na ce a raina, Allah sarki, bawan Allah ya gane da kansa.

(A lokacin, tun da na faɗi jarrabawa, wata huɗu ban buɗe wasiƙun gida ba. Barci ya gagara, abinci sai busasshen burodi, aji kuwa saura ƙiris a kore ni. Amma wannan ai gajiya ce kawai. Kowa ya gaishe ni, lafiya lau.)

Muka shiga zauren, na fara da tiren samosa. Likita ta soma jero alamomin ciwon damuwa: rashin barci, ƙin abinci, gudun mutane. Duk wadda ta faɗa sai in zunguri Isuhu da gwiwar hannu. Wani dattijo ɗan Pakistan ya ce a garinsu cewa ake ƙarancin imani ne. Shugabar taron, wata mata 'yar Chile, ta ce mazansu sun gwammace su mutu da su ce suna cikin damuwa. Ina ta gyaɗa kai, ina tausayin jahilcin mutane.

Da aka ba da damar tambaya sai na miƙe, na gyara kwat, na zubo Faransancin da nake ajiyewa don manyan ranaku.

"Ni dai lafiyata ƙalau. Wannan abokin nawa na kawo muku. Kunya ce ta hana shi magana, don Allah ku taimake shi."

Dattijon nan ya rufe baki da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Shugabar ta dubi Isuhu ta ce, "Isuhu, wannan ne maƙwabcin naka? Mai wasiƙun?"

Innalillahi! Ashe nan yake ɓacewa duk Asabar. Shekara guda yana zuwa, ya samu sauƙi tun tuni, har shi ke jera musu kujeru. Mako uku suna shawarar yadda za a kawo ni, kuma dattijon ne ya ba da dabarar: mai girman kai ba zai yarda a kai shi ba, amma zai yarda ya yi rakiya.

Isuhu ya ja gefen kwat ɗina, ya ce da Hausa, "Zauna, Malam. Kai aka kawo."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ga rabin samosa a hannuna, na rasa ko in ci ko in ajiye. Na so in yi fushi, amma da wa? Mutum talatin ɗin da ke zauren duk sun san labarina, kuma ba wanda ya kalle ni kallon mahaukaci. Bayan taro likitar ta tambaye ni yaya nake, na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai hawaye suka riga ni.

Wata shida na yi ina zuwa, kuma ba a kore ni daga makaranta ba. Amma har yau, duk wanda ya ce in raka shi asibiti, sai na tsaya a bakin ƙofa na tambaye shi: tsakanin ni da kai, wa za a duba?