Harbe-harbe a Taron Manoma

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Haɗeja ba za su bar ni ba, da ranar da na tarwatsa taron gari guda da babban yatsana.

Lokacin ina malamin gona, ina da teburina a ofis da babur na aiki, kuma ana ganina da mutunci. Abin da mutane ba su sani ba shi ne akwai wani gem a wayata da ya hana ni sakat. Labarin wani ɗan kasada ne da ya gaji rabin taswira daga kakansa, ya bazama neman zinariyar wani tsohon sarki da aka binne a ƙarƙashin kufai. Ɗaya rabin taswirar yana hannun 'yan fashi, don haka duk inda ka sa ƙafa sai harbi. Ka shiga kogo, harbi. Ka hau dutse, harbi. Wurin da aka ce tun zamanin kaka da kakanni ba wanda ya taka, kana buɗe ƙofa sai ka tarar ƙarti da bindigogi sun riga ka, har da kujerun zamansu. (Ta ina suka shiga? Oho. Ni dai sai da na sha wahalar jujjuya wasu gumaka kafin ƙofar ta buɗe mini.)

Shi kansa labarin haushi yake ba ni. Akwai wani tsoho mai gemu da ke raka jarumin, wanda tun ganin farko ko yaron goye zai gane maci amana ne. Ni na gane, jarumin bai gane ba, kuma babu maɓallin da zan danna in gaya masa. Haka na yi ta kare tsohon nan daga harsashi, don in ya mutu an ce ni na faɗi, har ranar da ya juyo mini bakin bindiga a tsakiyar wata gadar igiya.

A gadar nan na maƙale, mako ya bi mako. Tsohon yana ƙetare yana harbi, katakan gadar suna zubewa, jarumin nawa kuma in na ce ya yi tsalle sai ya tsuguna. Da zarar ka faɗa rami sai a mayar da kai can baya, ka sake zama ka saurari jawabin cin amanar tun daga farko, babu halin tsallakewa. Na haddace shi tsaf, har bakina kan motsa tare da na tsohon. Ga kuma wata cutar: wani lokaci sautin gem ɗin yakan ƙanƙance haka kawai, sai ka ƙure murya kafin ka ji takun maƙiyi.

Shekarar ruwa ya yi ɓarna. Ciyawar kacalla ta toshe hanyar kogi, ruwa ya fasa ya kwanta a gonakin shinkafar wani ƙauye da ke hanyar Baturiya, mutane suka yi asarar damina ɗungurungum. Bayan dogon naci, wata ƙungiya ta yarda ta turo baƙi su ji daga bakin manoman, a ga ko za a ba su iri da injinan ban ruwa kafin noman rani. Ogana, Alhaji Sabo, ya ɗora mini aiki ɗaya tal: kula da lasifika.

Na haɗa ta da janareto, na haɗa ta da wayata ta bulutut, na gwada, murya ta fito rau. Aka fara taro a harabar firamare, ƙarƙashin darbejiya. Ana cikin gabatar da baƙi janareton ya mutu. Direbanmu ya tsuguna gyara, jawabai suka ci gaba da fatar baki, ni kuma na ga aikina ya tsaya. Motar ofis tana nan bayan aji, kusa da janareton. Na shige, na ɗaga gilashi, na cusa iyafis a kunne. Na ce sau ɗaya kawai zan gwada gadar nan.

(Duk mai buga gem ya san ƙaryar da ke cikin "sau ɗaya".)

Na faɗi, na saurari jawabi, na sake faɗi. Ban lura janareto ya tashi ba. Ban kuma san cewa da zarar lasifikar ta samu wuta za ta nemo wayata da kanta ba. Abin da na sani kawai, ina tsakiyar gada sai sautin ya ƙanƙance, ina jin harbin can nesa-nesa kamar daga wani gari. Na ja tsaki, na ce cutar nan ta dawo, na danne maɓallin murya har ƙarshe.

Abin da ya faru a waje daga baya aka ba ni labarinsa, kuma ba sau ɗaya aka ba ni ba. Baba Maina ne a tsaye, dattijon da manoma suka zaɓa ya yi magana a madadinsu. Ya riƙe makirfo yana cewa, "Ranku ya daɗe, mu ba roƙo muka fito yi ba. Ruwa ne ya ci mana…" sai lasifika ta katse shi da luguden wuta. Ba ƙaramin harbi ba, irin na bindiga mai jigida, ga gurneti, ga ihun ƙarti. A ƙasar da kowa ke tashi da labarin 'yan bindiga a kunne, babu wanda ya tsaya bincike.

Mata suka suri yara. Masunta suka nufi bakin ruwa inda suka ɗaure kwalekwalensu. Kujerun roba suka yi ta karyewa, aka tattake tiren wata mai sayar da bandar kifi. Baƙin suka faɗa motarsu, direbansu ya fizge ta, ba su tsaya ba sai cikin Haɗeja. Alhaji Sabo da babbar rigarsa ya shige ƙarƙashin tebur. Baba Maina ya yi ƙoƙarin tsallake wani lambatu, ƙafarsa ta gurɗe.

Ni kuwa a cikin mota, ranar ce yatsana ya zauna daidai. Na ce jarumin ya yi tsalle, ya yi. Na ƙetare gadar, na saita maci amanar nan, na juye masa duk abin da ya rage a bindigata. Ya faɗi. Na banke ƙofar mota, na zagayo daga bayan ajin da hannu a sama ina ihu:

"Na kashe shi! Wallahi na kashe tsohon banza!"

Filin babu kowa sai takalma da huluna. Lasifika tana ta zuba kiɗan nasara. Can gefe, tsoho ɗaya ne kwance a bakin lambatu, riƙe da ƙafarsa, yana kallona.

Alhaji Sabo ya rarrafo daga ƙarƙashin tebur, ya dubi lasifika, ya dubi wayar da ke hannuna. Bai ɗaga murya ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Kashe abin nan," ya ce. "Je ka ɗaga Baba."

Na je. Ina ɗaga shi ina ta cewa, "Baba, ka yi haƙuri, ba harbi ba ne, wasa ne na waya." Ya ce in yi masa bayani. Na yi, a gaban mutanen da suka fara dawowa ɗaya-ɗaya suna neman takalmansu: taswira, kufai, zinariya. Ban taɓa jin magana ta yi wauta a bakina kamar wannan ba.

"To ɗana," ya ce, "ita zinariyar, ka same ta?"

"Tukuna dai, Baba."

"Allah ya ba da sa'a. Mu dai baƙinmu sun tafi."

Ba su dawo ba sai da lokacin shuka ya wuce, don sun riga sun kai labarin cewa wurin ba tsaro, kuma kafin a wanke garin an ɗauki lokaci. Wannan ne ɓangaren da har yau ba na iya mayar da shi raha. Ni kuma aka hana ni fita ƙauyuka, aka karɓe babur, aka tura ni Kaugama in riƙa kula da siton taki. Na je duba Baba Maina, na same shi da ƙafa a ɗaure. Ya amsa gaisuwata a daƙile, 'ya'yansa ko tabarma ba su shimfiɗa mini ba. A kasuwar kifi sunana ya koma Kwamanda. Har mahaifiyata, in ta ga na sunkuyar da kai a waya, sai ta ce, "Yau kuma wa za a kashe?"

Ku ji ƙarshen rashin kunya: ban goge gem ɗin ba. Na ce tun da ya ci mini mutunci, sai na ga zinariyar nan da idona. A sito, zaune a kan buhun taki, na ƙarasa shi. Jarumin ya isa ɗakin ƙarshe, ga zinariya har rufi. Sai ƙasa ta fara girgiza, ruwa ya fara shigowa. Ya dubi dukiyar, ya dubi wata budurwa da ya tsinta a hanya, ya ce ai ya gano abin da ya fi zinariya, ya kama hannunta suka fice. Ba a tambaye ni ba, ba a ba ni maɓalli ko ɗaya ba. Ina ji ina gani ruwa ya rufe komai, sunayen waɗanda suka ƙirƙiro gem ɗin suka fara hawa fuskar waya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karantawa, ina neman wanda zan bari da Allah.

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne, don ni ma ba zurfin gare ni ba. In abu ya yi shiru a hannunka, kada ka yi gaggawar ƙara masa murya, ɗaga kai tukuna ka duba a kunnen wa yake ihu. Sannan in an ce ka kula da lasifika, to ka ja kujera ka zauna kusa da lasifika.