Taku Ɗari da Arba'in

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen fadamarmu ba za su bari ba. Har yau in na bi ta gonakin albasa sai wani ya ɗago kai ya ce, "Sarkin Awo, taku nawa ne daga nan zuwa gida?" a kwashe da dariya.

Bari in fara gaya muku halina. Ni mutum ne mai wasi-wasi. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon sau biyu, in na yi nisa kuma zuciyata ta ce anya kuwa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ɗan lissafin da na samo a can na riƙe shi gam, ban yarda da "kusan" ko "kamar" ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kula da gonar Alhaji Bukar da ke fadama, bayan garin Haɗejia ta hanyar Kirikasamma.

Alhaji ya daɗe yana aiki a Kaduna, can ya koyo wasan golf, wanda ake dukan 'yar farar ƙwallo da sanda har a jefa ta rami, wanda ya yi da bugu kaɗan shi ya ci. Da ya yi ritaya ya dawo gida sai ya ware gefe guda na gonar, aka haƙa ramuka uku, aka baje yashi kewaye da kowanne, aka kafa tuta. (Mutane sun ce tsufa ne ya zo masa ta nan. Ni dai na ɗauki jakar sanduna na bi shi.)

Sandunan nan kowacce da lambarta, kuma abin da ya fara rikita ni shi ne lamba na hawa nisa na raguwa. Ta tara gajeriya ce, tana cilla ƙwallo sama ta sauko kusa. Ta shida ta fi ta tsawo, tana kai ƙwallo nesa. Bugun farko ba shi da wata wahala, ƙarfi ne kawai. Mai wuyar shi ne na tunkarar tuta, domin in ka ɗauki sandar da ta gaza ƙwallo ta faɗi a hanya, in ka ɗauki wadda ta yi yawa ta wuce. Ga shi idon Alhaji ba ya gani da nisa sosai. Nan aikina ya fito. Duk bugun da ya yi sai na taka na ƙirga na rubuta a ɗan littafina, har na gane cewa a hannunsa ta tara tana cin taku ɗari da goma, ta takwas ɗari da ashirin, ta bakwai ɗari da talatin, ta shida ɗari da arba'in. Daga nan ya daina tambayar kowa. In ya tsaya kan ƙwallo sai ya miƙo hannu baya ya ce, "Sarkin Awo, me ƙafa ta ce?" in faɗi nisa, in miƙa sanda.

Rami na uku shi ne mai matsala, domin akwai tafkin da ambaliya take bari tsakanin mai bugu da tuta, ba a taka shi. Bayan kaka na ari kwalekwale, na ja igiya tun daga bakin ruwa na wannan gefe har gindin tuta, na shimfiɗa igiyar a tudu na taka ta sau uku. Taku casa'in. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa. Dabara ta samu ke nan: in taka daga ƙwallo zuwa bakin ruwa, in ƙara casa'in. Na yi kwana biyu ina jin kaina kamar wanda ya ƙera jirgi.

Sai Alhaji ya tafi Kano neman maganin gwiwa, ya yi wata uku ba a buga wasa ba. Da ya dawo, zafi ya fara, ya zo da baƙo, Injiniya Buba, abokinsa tun Kaduna. Shi Bafulatani, Alhaji Babarbare, kun san yadda abin yake, ba a gaisuwa sai da tsiya. Tun daga mota Injiniya ya dubi filin ya ce, "Bawana, wannan ne filin golf ɗin? Ai ko shanuna sai an roƙe su za su yi kiwo a nan."

Alhaji ya ce, "Kai da ka taso da sanda ɗaya a bayan shanu, yaushe ka san ta bakwai da ta takwas?"

Injiniya ya zaro wata 'yar na'ura daga aljihu, kamar madubin hangen nesa, wai in ka saita ta kan tuta sai ta rubuta maka nisan. Alhaji ya kalle ta ya taɓe baki, ya dafa kafaɗata. "Mayar da abarka aljihu. Ka ga wannan? Ƙafarsa ta fi na'urarka gaskiya. Ka yi da injinka, in yi da mutumina. Wanda aka ci shi zai ɗauki jakar ɗan'uwansa a ka, daga nan har bakin titi."

"A ka?"

"A ka. Ba gammo."

Daga filin zuwa titi sai an ratsa gonakin mutane, kuma Alhaji ya ba saba'in baya, mutum ne da ko butarsa ba a bari ya ɗauka. Yanzu ga shi ya ɗora girmansa kan tafin ƙafata. Na duba takalmina na ga ko ya saki, don kada takuna ya canza.

Kafin a fara sai ga abinci daga gida, Hajiya ta aiko da farfesun tarwaɗa a babban kwano an rufe da faifai, don baƙo. Na rasa inda zan ajiye. Na kai nan na ce ƙwallo za ta iya zuwa, na kai can na ce rana. Daga ƙarshe na shimfiɗa tabarma na ɗora kwanon a inuwar wata tsamiya da ke bayan tuta ta uku, na taka na ga taku talatin cif daga ramin, na ce nan kam Alhaji bai taɓa wuce tuta da nisa haka ba.

Rami na farko Alhaji ya ci. Na biyu Injiniya ya rama. Saura na uku, wanda zai raba gardama. Injiniya ya leƙa na'urarsa, ya zaɓi sanda, ya tsallake ruwan, ƙwallonsa ta tsaya a gefen yashi, ba laifi. Alhaji ya zo kan tasa ya miƙo hannu baya.

"Me ƙafa ta ce?"

Na taka zuwa bakin ruwa, hamsin. Na dawo ina ƙirgawa, hamsin. Na ce a ba ni haƙuri, na sake zuwa. (Injiniya ya tambaya ko sa'ayi nake yi.) Na tsinki ciyawa na watsa sama, ba iska. Hamsin da casa'in, na haɗa a ka, na haɗa a takarda, na haɗa da yatsu.

"Ɗari da arba'in, ranka ya daɗe. Ta shida."

Alhaji ya ƙanƙance ido ya dubi tuta. "Anya? Ni fa kamar ina ganinta kusa. Da na ce ta tara."

Nan ne wurin da har yau in na tuna nake rufe fuska. Maimakon in ɗaga kai in dubi tutar da idona, sai na buɗe littafi na nuna masa layi biyun nan, na ce da babbar murya, "Ranka ya daɗe, ido yana ruɗi a kan ruwa. Ka bar ido, ka bi rubutu." Injiniya ya yi wani ɗan tari ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ban gane ba.

Alhaji ya karɓi ta shida. Wallahi tunda nake binsa ban taɓa ganin bugu mai kyau kamar wannan ba. Ƙwallo ta tashi sak, ta haye ruwa, ta haye yashi, ta haye tuta ko kallonta ba ta yi ba, ta nufi tsamiya. Sai na ga faifai ya yi sama yana juyawa.

"Ina ta sauka?" in ji Alhaji. "Ta kusa rami?"

Injiniya ya kafa na'urarsa a ido ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ta sauka lafiya, bawana. Har ta riga mu zama, tana shan romo." Ya share hawaye ya ƙara da cewa, "Ka dai san doka, inda ta faɗi nan za ka buga ta."

Da na yi shiru da abin ya tsaya nan. Ina! Na ce ba zai yiwu ba, ko dai na'urar ta yi wa Alhaji baki ko an matsar da tuta, casa'in ne, yanzu zan nuna. Na dubi tafkin na ga ruwan bai fi idon sawu ba. Na naɗe wando, na ɗaga littafi sama, na shiga ina ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya shaida. Ɗaya, biyu, uku. A na goma sha huɗu ƙafar dama ta lume. Na sa ta hagu in ciro ta, ita ma ta bi. Kafin in ce wani abu laka ta kai min cinya, ga ni tsaye a tsakiyar tafki, hannu a sama, bakina yana ta maimaita "sha huɗu, sha huɗu" don kada lissafi ya ɓace.

Hayaniyar ta jawo Malam Kyari, mai gonar albasa da ke maƙwabtaka da mu. Ya tsaya a gaɓa da fartanya a kafaɗa aka ba shi labari. Ya dube ni ya ce, "Tsaya, wai daga bakin ruwa ka auna? Bakin ruwan yaushe?"

"Na bayan kaka," na ce.

"Haba maƙwabci! Wata uku injina yana zuƙar tafkin nan safe da yamma, kai ma kana zuwa ka ce in rage ƙara. Ga inda ruwan yake da can." Ya nuna da fartanya wani layin busasshiyar ciyawa can baya, wanda na taka na wuce sau huɗu ɗazu ina ƙirga. "Kai da aka haifa a fadama? Ko ɗan tsako a nan ya san ruwa ba ya kwana inda ya yini."

Injiniya ya auna da na'urarsa daga layin ciyawar zuwa bakin ruwan yanzu, ya ce a takuna talatin ne ba ragi. Sannan ya jawo jakar Alhaji bakin laka ya tsuguna. "To Sarkin Awo, za mu ciro ka. Auna mana, wace lamba za mu miƙo? Ta tara za ta kai, ko sai ta shida?"

Ta shidan aka miƙo. Mutum uku suka ja, na fito ba takalmi ɗaya.

Alhaji bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da na ji sauƙi. Ya tsamo ƙwallonsa daga cikin farfesu, ya wanke da ruwan buta, ya ce an ci shi. Ya sunkuya zai ɗauki jakar Injiniya, na ruga na riƙe ina roƙo a bar ni in ɗauka, laifina ne. Injiniya kansa ya ce wasa ne a bari. Alhaji ya ce shi ya faɗa da bakinsa. Haka ya ɗora ta a ka, ba gammo, muka ratsa gonaki. Injiniya a gaba yana yi masa kiran shanu, Alhaji a tsakiya yana rama zagi, ni a baya hannu rabbana, laka har ƙugu, ƙafa ɗaya ba takalmi. Masu ban ruwa suka kashe injunansu suka tsaya kallo. Da muka isa titi Alhaji ya sauke jakar, ya murza wuya, ya juyo ya ce, "Taku nawa muka yi?"

Abin kunyar shi ne na sani. Ɗari shida da goma sha biyu. Na kuwa faɗa.

Tun daga ranar, kafin in buɗe littafi sai na ɗaga kai na dubi abin da ke gabana, in kuma dattijo ya ce shi yana ganinta kusa, ba na nuna masa rubutu. Awo kuwa ban daina ba, sai dai yanzu turakun ƙarfe na kafa a filin, na zuba musu siminti. Duk da haka kowace safiya sai na zagaya na girgiza su ɗaya bayan ɗaya, don a fadamar nan ban ƙara yarda cewa akwai abin da yake tsaye wuri guda ba.