Horon Burushin Alhaji Maitama

Duk wanda ya zauna Ƙauran Namoda a shekarun da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, in ya ce bai san Alhaji Maitama Tambari ba, to a ɗaka ya yi zamansa. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin darajar kansa tun kafin kowa ya lura da ita. Mataimakin mai kula da sito ne a wani ofishi da ke bayan tashar jirgin ƙasa, amma tafiyarsa ta darakta ce, gyaran muryarsa na darakta ne. Ko atishawa ta zo masa sai ya ɗan jinkirta ta, don kada ta fito irin ta ƙananan ma'aikata. Abokan aikinsa suna kiransa Darakta-Gobe. Ya sani, bai kuwa taɓa jin haushi ba, don a ganinsa yabo ne.

Da aka ba da jiha, ya je Gusau ya leƙa sababbin ofisoshi, ya dawo da ilimi guda. Duk manyan da ya gani haɓarsu sumul take kamar ƙwai. Ya bincika, aka ce masa ba wanzami ke yi musu ba, da kansu suke yi, da reza da sabulu da wani ɗan burushi mai tada kumfa. Nan take ya gane abin da ya daɗe yana tare masa ci gaba. Burushi ne.

Ranar kasuwa ya saka babbar riga ya nufi Shinkafi, ya tsaya a rumfar wani Lado mai sayo kaya daga Maraɗi. Lado ya jera masa na roba, da na gashin doki, da na gashin akuya. Alhaji ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ya goga a kunci, ya goga a bayan kunne, ya ja gashin ya ga ko zai tsige, ya ɗaga wa rana yana kanne ido.

"Na roba na masinjoji na," in ji shi. "Doki kuwa hawa nai akai, ba a aza shi bisa huska. Batun akuya kuma, Lado, dube ni da kyau."

Lado ya dube shi da kyau, sannan ya duƙa ya jawo wani ɗan kwali mai rubutun Faransanci. A ciki akwai burushi mai mariƙin katako, gashinsa baƙi a tsakiya, fari a kai.

"Wanga bilero aka ce mai can Maraɗi, ranka ya daɗe. Ban taɓa ganin dabbar ba. Wasu sun ce dage na, irin na Turai."

Alhaji ya gyara masa cikin tausayi. Ya ce dage ƙaramar dabba ce, ba ta kai a kawo wa mutum irinsa ba, wannan gashin zakin Faransa ne. A motar komawa Ƙaura ya kama wa burushin kujerar gaba, shi ya matsu a baya.

Lado ya gaya masa cewa sabon burushi sai an hore shi: a jiƙa shi da ruwan ɗumi, a tada kumfa da shi a tafin hannu sau da dama, a rataye shi kai ƙasa ya bushe, daga nan zai yi laushi, warin dabba ya fita. Gama-garin mutum zai ƙare wannan cikin mako guda. Alhaji Maitama ba gama-gari ba ne. Ya tara iyalinsa a tsakar gida ya yi jawabi.

"Ku shaida. Daga yau reza ba ta taɓa huskata, wanzami ba shi shigowa gidan ga, sai ran da burushin ga ya horu. Darakta ba shi aski da ɗanyen burushi."

Matarsa Hajiya Azumi ta ce Allah ya taimaka, ta koma kan tukunyarta.

Da aka jiƙa zakin, sai ya tashi da warin bunsurun da ruwan sama ya daka. Kajin gidan suka yi ƙaura zuwa maƙwabta, awakin maƙwabta kuma suka zo suka yi layi a ƙofar zaure. Alhaji ya wanke shi da sabulun salo, ya wanke da toka, ya matse masa lemun tsami, ya turara shi da turaren Azumi har ya ƙare. Da warin ya ƙi fita, ya yanke hukunci cewa ruwan Ƙaura ne ba shi da tarbiyya. Ya ɗauki burushi ya tafi Zurmi ya tsoma shi a Gulbin Bunsuru, bisa hujjar cewa gulbi mai wannan suna ya fi kowa sanin maganin abin.

A Zurmi ya sauka gidan ƙanen matarsa, Auwalu, manomi mai haƙuri da faffaɗan sanƙo. Alhaji na ganin sanƙon ya gane kuskuren Lado. Tafin hannu shimfiɗaɗɗe ne, haɓa kuwa kewayayya ce, don haka a kan abu kewayayye ya kamata a yi horo. Tun daga ranar, duk ƙarshen mako sai ya zo Zurmi ya zaunar da Auwalu a zaure, ya tada masa kumfa a ka har ta rufe kunnuwa.

"Yaya Alhaji, gona na jirana," in ji Auwalu wata rana, kumfa na gangaro masa a hanci.

"Gero ba shi gudu, Auwalu. Tarihi aka yi bisa kanka."

A gida kuma burushin yana da ƙusarsa, yana da ɗan gidan sauronsa. In Azumi ta tambaya ko ya horu, sai Alhaji ya danna shi a wuyan hannu, ya rufe ido, sannan ya ce, "Da saura."

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Gemun Alhaji, da ba mai kula shi, ya samu sake. Ya cika kunci, ya sauko wuya, ya kwanta a ƙirji. Shi kansa ba ya kallonsa, don duk ran da ya ɗauki madubi burushin yake haskawa.

Ana haka aka ƙaddamar da Shari'a. Gari ya ɗauki sabon salo, samari suka shiga shafa man shanu a haɓa ko Allah zai sa wani abu ya tsiro. Sai idon jama'a ya faɗa kan Alhaji Maitama. Aka fara matsa masa a sahun gaba, ana gaishe shi da Allah gafarta malam. Shi kuwa ya ɗauka labarin burushinsa ne ya bazu. Wani ya tare shi da matsalar rikicin gona tsakaninsa da ɗan'uwansa, Alhaji, da hankalinsa ke kan ƙusa, ya ce, "A jiƙa da ruwan ɗumi tukuna." Mutumin ya tafi yana jinjina zurfin maganar.

Dattawan unguwa suka shirya kafa kwamitin sulhu, mai ofis da babur da kujerar shugaba. Babbansu, wani tsoho mai suna Malam Abdulaziz, ya ce ba sai an wahala ba, ga mutumin da ya tsayar da gemu tun kafin kowa ya ce a tsayar. Aka aika wa Alhaji cewa ya zo Asabar da hantsi a naɗa shi shugaba.

Kalmar shugaba kawai ya ji. Da safiyar Asabar ya ciro burushi, ya danna a wuyan hannu, ya rufe ido.

"Ya horu," ya ce.

Ya sa almakashi ya sassabe, ya jiƙa, ya tada kumfa. A faɗi gaskiya, Ƙaura ba ta taɓa ganin kumfa irin wannan ba, ga kauri ga laushi. Reza ta bi ta share. Abin da ya fito daga ƙarƙashi wata 'yar haɓa ce fara fat, kamar sabon dankali. Azumi ta shigo da koko, ta gan shi, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Bawan Allah, maigidan ba shi nan. Wa ya ba ka izinin shigowa?"

Ya ɗauki wannan a matsayin shaidar nasara.

A zauren taro dattawa na zaune a kan sabuwar darduma, fanka na juyawa a sama. Alhaji ya yi sallama ya nufi kujera. Malam Abdulaziz ya ɗaga hannu.

"Yaro, ina mahaifin naka? Shi muka jira."

Alhaji ya yi bayani. Ya fara daga Shinkafi, ya biyo ta Zurmi, ya yi dogon sharhi kan bambancin doki da zaki. Dattawa suka saurara har ƙarshe, don mutane ne masu kunya. Sannan tsohon ya ce su dai gemu suka gani suka aika.

A karo na farko a rayuwarsa Darakta-Gobe ya yi gudu irin na ƙananan ma'aikata, ya nufi gida ya kwaso gemunsa. Ya iske Azumi ta share gashin ta zuba a murhu. Ya tsaya tsakar ɗaki yana haki, babur na gilma masa a ido. Ya dubi ƙusa. Ya ɗauki almakashi ya datse kan burushin, ya jiƙa ƙaro, ya manna gashin a haɓa, ya koma.

Ya shiga da ɗan tsiro baƙi da fari a tsakiyar haɓa, ya ce ɗazu wasa yake yi, gemun yana nan, taƙaita shi kawai ya yi. Ya ci gaba da jawabi kan shugabanci. Zafi ya narka ƙaro, fanka ta kama aikinta. Gashin ya riƙa tashi sili-sili, yana yawo a iska, yana sauka a hankali kan riguna da rawuna. Da yake ya horu, ko ƙaiƙayi bai sa kowa ba.

Ba wanda ya yi dariya. Malam Abdulaziz ya jira har ya kai aya, ya cire wani sili daga kan gwiwarsa, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Mun gode, Alhaji. Ka tattara gemunka kahin ka hita, dardumar ga ta aro ta."