Ranar da Na Ture Ruwanmu

Ba zan taɓa mantawa da langar da muka yi da 'yan kwaleji a Ɗanzomo ba, kakar da ta biyo bayan shekarun fari. Na ga yunwa, na yi dako a Kano, mota ta taɓa kifewa da ni a hanyar Maigatari. Duk zafinsu ya wuce. Wannan kuwa har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai.

Ga wanda bai san langa ba: ka kama ƙafa ɗaya ta baya, ka yi ta tsalle da ɗayar. Ka saki ƙafar ko ka faɗi, ka fita. Kowane ɓangare yana da ruwa, wato wanda ake so ya kai masha (namu gindin wata tsamiya ne). Sauran dawakai ne, aikinsu buɗe masa hanya. Ni doki ne. Abokina Ilu shi ne ruwa.

Aikin doki ba ƙarfi kaɗai ba ne. Ka rage tsawo, ka sa kafaɗa ƙarƙashin hammatar mutum. Kada ka buge shi yana tsaye daram, jira ya yi tsalle, ƙafarsa tana sama, sannan ka ɗauke shi. In biyu suka taho, tura ɗaya kan ɗaya. Kuma doki ba ya waiwaye. Numfashin Ilu nake saurara a bayana in san inda zan karkata. Tun muna yara haka muke, ba a taɓa kayar da shi ina gabansa ba.

Ranar ita ce langarsa ta ƙarshe. Gonarsu ba ta ba da komai ba, kawunsa ya samo masa aikin gadi a Ikko. Da safe ya ce mini, "Bijimi, ka kai ni tsamiya yau, in samu abin tunawa a can." Na ce an gama.

'Yan kwalejin yaran garinmu ne da na Sule Tankarkar masu karatu a Gumel, sun zo hutu. Kowannensu da farar singileti, mu kuwa ƙirji a waje. Ba su da kafaɗa, amma suna da wayo. Sun gane inda nake nan Ilu yake, sai su taru mini a gaba kamar awaki a bakin rijiya, ina fama da su ruwansu ya zagaya ya sha. Haka suka yi ta yi mana har rana ta yi sanyi, aka ce saura zagaye na ƙarshe.

Mutanenmu suka koma gefe suka haɗa kai. Ni ban je ba. Ban taɓa zuwa ba (a ganina shawara ta masu ƙananan kafaɗu ce, ni a nuna mini wanda zan ture kawai). Na tafi wajen wata Bafulatana na sha nono.

Ashe abin da suka ƙulla shi ne Ilu ya ari farar singileti wajen wani ɗan kallo ya bi ta gefe, Sale ƙanen Ilu kuma ya biyo bayana yana haki. Kowa ya ɗauka wani ya gaya mini.

Aka fara. Ina jin numfashi a bayana, raina fes. Na zubar da na farko, na haɗa biyu suka rungumi juna a ƙasa. Kaina a sunkuye, fari kawai nake nema. Sai ga wani farin ya ɓullo ta hagu, ya nufi tsamiyarmu, saura kaɗan ya taɓa ta. Na ce wannan ya zo tare hanya ne. Na jira ya yi tsalle, na shiga ƙarƙashin hammatarsa. Wallahi ban taɓa yin bugu mai kyau irin wannan ba. Mutumin ya tashi sama ya faɗa cikin tarin karan gero.

Na daki ƙirji na ce, "Wuce, Ilu, hanya ta buɗe!"

Daga cikin kara wata murya ta ce, "Bijimi, ni ne."

Sannan dariya ta ɓarke. 'Yan mata masu tallan gyaɗa har da zama a ƙasa. Wani dattijo ya ce a riƙa ɗaure ni kafin a fara wasa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da ƙafata, na ma manta in sake ta. Ilu ya fito yana cire ƙarangiya daga wando, yana dariya har da hawaye. Ya ce yau ya san abin da mutane suke sha a hannuna shekara da shekaru, Allah ya ba su haƙuri.

Ni na ɗaukar masa akwati zuwa Gagarawa Tasha, yana ɗingishi a bayana. Da jirgi ya motsa ya leƙo ta taga ya ce in ci gaba da gyara kafaɗa, in ya dawo da kaka za mu rama. Bai dawo ba. Zazzaɓi ne, aka ce, can aka binne shi.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka ga naka sun haɗa kai, kai ma sa naka, ko ba ka da abin cewa. Yanzu ba shawarar da ke wuce ni a garin nan, har wadda ba a gayyace ni ba. Sai dai wanda nake so in buɗe wa hanya ba ya nan.