Rasuwar Dattijo, Keken da Ya Rufa Mana Asiri a Tsakiyar Tudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwa mai cike da bandeji, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekena, abokin tafiyata, wanda muke kira Dattijo. Ya rasu ranar Asabar da hantsi a bakin kogi, bayan gajeriyar rashin lafiya da surukina ya jawo masa da kyakkyawar niyya. Waɗanda suka ce sun ji ni ina ƙyalƙyala dariya a inda abin ya faru, ina roƙon su yi mini uzuri. Baƙin ciki iri-iri ne.

Marigayin keken burji ne, mai kaurin taya, bai taɓa ƙaunar kwalta ba. Tun gashina yana baƙi muke tare. Kowace Asabar da sassafe yakan ɗauke ni mu bi ta bayan makaranta, mu shiga tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta masu keke, inda itatuwa suka haɗe kai ta sama. Daga nan sai gonaki, sai tudun nan na cikin kurmi, sai gangare har kogi. In ya hau tsakuwa yakan riƙa cewa "kiri-kiri-kiri", kamar mai gunaguni amma yana jin daɗi. Ba ya roƙon mai, ba ya neman ruwa. Iska kawai, ita ma ba kullum ba.

Mu huɗu ne a wannan tafiya: ni, da Direba, da Mai Magani, da babbanmu Tela, wanda muke kira Yaya. Tun muna da ƙarfi, lokacin da hankali bai gama zuwa mana ba, muka kafa wata doka. Duk wanda ya sa ƙafa a ƙasa a kan tudun nan saboda gajiya, to ya tsufa, sai ya rataye keke ya koma zaman ƙofar gida. Mun yi dariya ranar da muka kafa ta. Ba mu san dokar za ta zauna lafiya ƙalau mu kuma gwiwoyinmu su lalace ba. Sai dai dokar ta bar ƙofa ɗaya: tsayawa don gyara ba gajiya ba ce.

A nan ne halin kirkin marigayin ya bayyana. A tsakiyar tudun akwai wata babbar bishiya da faffaɗan dutse a gindinta. Daidai wurin, lokacin da numfashina yake kaiwa wuya, sai ka ji Dattijo ya ce "ƙarrr… kacal!" Sarƙa ta zame. Bai taɓa yin haka a fili ba, bai taɓa yi a gangare ba. Sai a gindin bishiyar nan, kowace Asabar, kamar an ɗaura masa agogo.

Nan da nan Yaya Tela zai juyo yana faɗa: "Kai, wannan keken naka dai! Kullum kai ke ɓata mana lokaci." Kafin ya rufe baki ya miƙe a kan dutsen. Direba ya tafi neman ɗan tsinken da za a ɗago sarƙar, ya daɗe bai samu wanda ya dace ba. Mai Magani ya tsuguna yana ba da shawara yana haki. Gyaran da mutum ɗaya zai yi kafin ƙiftawar ido, mu huɗu muke taruwa a kansa har sai gumi ya bushe, Yaya Tela yana sa ido a kan aikin da idanunsa a rufe. Shekara da shekaru ina shan zagi a kan keken nan, amma ko sau ɗaya ba wanda ya ce in je a gyara shi.

Ciwon ajali ya zo ne ta hannun mijin 'yata, yaro mai ladabi wanda ba ya ganin abu a karkace ya bar shi. Ya zo gaishe mu, ya ga Dattijo a jingine a falo, ya ɗauke shi ban sani ba ya kai wa mai gyara. Da yamma ya dawo da shi yana sheƙi, da sabuwar sarƙa fil. Ya ce, "Baba, yanzu ko dutse ka hau ba za ta zame ba." Na sa masa albarka, amma da baki kawai. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A wannan karon ya zama.

Ranar Asabar muka iso gindin bishiya. Shiru. Direba ya waigo. Mai Magani ya yi tari mai ma'ana. Yaya Tela ya rage gudu har kekensa yana layi, ya ce, "Lafiya kuwa keken nan naka?" Na danna feda da mugunta, na fizga, na mayar baya, wallahi har roƙonsa na yi a zuci. Sarƙa ta tsaya daram. Ba wanda ya yarda ya fara sauke ƙafa, haka muka wuce dutsenmu muna kallonsa kamar gidanmu ne aka sayar. Yadda muka kai saman tudun, Allah kaɗai ya sani. Yaya Tela ya kifa kai a kan keke, bakinsa a buɗe, na ji tsoro ƙwarai da na ga fuskarsa.

Sai gangare. Jama'a, ashe Dattijo yana da gudu! Tsoho ya ji sabuwar sarƙa ya ɗauka yaro ne. Iska ta cika mini riga, tsakuwa tana tsalle hagu da dama, itatuwa suna wucewa fiu-fiu. Na wuce Mai Magani. Na wuce Direba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata, har na ɗaga masa hannu! Ina ihu, ina dariya, hulata ta kama gabanta. Na ja birki, birki ya ce ba da shi ba. Daidai bakin kogi marigayin ya furta kalmarsa ta ƙarshe, "ƙas!", ƙarfen tsakiyarsa ya rabu biyu. Ni na sauka a cikin laka, rabinsa na baya ya kwanta kusa da ni, tayar gaba kuwa ta ci gaba da tafiya. Ina kwance ina dariya har hawaye, daga baya hawayen suka zama na gaske.

Marigayin ya rasu ya bar famfo guda, da ƙararrawa wadda ta daina magana tun da daɗewa, da sirdi wanda ya ɗauki siffata har ba zai karɓi kowa ba. Ya bar tayar gaba, wadda muke kyautata zaton tana kan hanyarta ta zuwa teku. Ya bar maiɗakina, wadda ta yi mini ta'aziyya tana share wurin da yake kwana, tana 'yar waƙa. Ya kuma bar tsohuwar sarƙarsa a cikin gwangwanin mai gyara.

Surukina ya ji nauyin abin, ya kawo mini sabon keke. Ba na son yabon wani a lokacin makoki, amma kai! Da yatsa biyu ake ɗaga shi. Na shafa shi ya fi a ƙirga. Ina cikin shafawar ne Yaya Tela ya shigo ta'aziyya, yana jan ƙafa. Ya zauna ya daɗe yana kallon baƙon.

"Wannan ba ya lalacewa ko?"

"Yaron ya ce sam, Yaya."

Ya gyaɗa kai. "To, ni kam ina jin na rataye. Ku gaishe mini da kogi."

Bai kai gida ba na isa wurin mai gyara da keken a kafaɗa, gwiwa da bandeji da komai. Na ce ya fito mini da tsohuwar sarƙa ya ɗaura wa sabon. Ya dube ni, ya dubi keken, ya ce, "Baba, ai ba za ta zauna ba. Da ka hau tudu za ta zame." Na ce masa abin da ya kawo ni ke nan.

Za a yi wa marigayin rakiyar ƙarshe ranar Asabar da sassafe. Za a haɗu a bayan makaranta, Direba ne zai ɗauko abin da ya rage nasa. Za a bi hanyar da ya saba bi, sannu a hankali, har gindin bishiyar nan, inda za a rataye ƙararrawarsa a reshe. Ana roƙon masu halarta kada maganar sarƙa ta kai kunnen surukina, yaron kirki ne, gyarawa zai yi. Na aika wa Yaya Tela cewa ba a yin wannan taro sai da babba, ya aiko cewa zai zo, amma kada in ɓata masa lokaci.

Idan aka ji "kacal" a tsakiyar tudu, kada kowa ya yi mamaki, kada kuma wani mai zafin nama ya yi saurin gyarawa. Yaya Tela ne zai sa ido a kan aikin, daga kwance.