Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Gonar Dulimay Ba Tare da Ka Ga Dulimay Ba

Sannu da zuwa, baƙo mai kyamara. Ka kwana a mota daga Manila, ƙafa ta kumbura, duk don ka ɗauki hoton inda muke noman abin da za mu ci. Mun gode. Ga hanya nan an rubuta maka, an kuma gwada ta a gonar mutum mai rai. Ina ba ka tabbaci, in ka bi ta daki-daki, sai ƙauyen nan ya shekara yana zancenka.

Mataki na 1: Zo lokacin da aiki ya fi yawa

Zo farkon shekara, sa'ad da aka cika gonaki da ruwa, dutsen da muka sassaƙa gonakin a jikinsa ya zama madubi hawa-hawa tun daga rafi har cikin gajimare. A lokacin kowa hannunsa na cikin laka, ba mai sukunin hana ka komai.

Duba tsakiyar ruwan nan, za ka hangi fili ɗaya kore shar. Wannan komin renon irin shinkafar Dulimay ne. Sau ɗaya shinkafarmu take yi a shekara. Da kakar bara, tana da tsohon ciki, ta bi gona tana zaɓen zangarniya ɗaya-ɗaya, su ne ta shimfiɗa a lakar nan suka tsiro. Daga komin nan za ta cire dashen duk gonakinta. Abin da ita da 'yarta Immaya za su ci har baɗi ke nan, don mijin yana can wajen haƙar ma'adinai, sai ƙarshen shekara. Kada wannan bayani ya cika maka kai. Kai dai ka riƙe cewa kore ne.

Mataki na 2: Ɗauki jagora, amma kada ka saurare shi

Za a haɗa ku da Binwag, ƙanen Dulimay. A nan babba a gida ke gadon gona, shi ya sa ita take da laka, shi kuma yake da 'yar tuta da jerin baƙi a bayansa. Zai ce ku bi kan duwatsu, ɗaya bayan ɗaya, kada kowa ya taka inda aka yaɓa laka. Gyaɗa kai sosai. Masana sun tabbatar cewa gyaɗa kai daidai yake da ji.

A bakin hanya za ku tarar da Kaka Ginamay zaune da gashin zakara a ka, baki ja wur da taunar moma, goron ƙasar nan. Gwiwa ce ta hana ta gona, sai ta koma zaman hoto.

"Binwag, yau kuma agwagin wa ka koro?"

"Kaka, ki dai yi murmushi. Na ƙasar sanyi ne."

"Wancan mai ƙafa biyar ɗin fa?" Kai take nufi, da sandar kyamararka mai ƙafa uku. "Wando duk aljihu. Tambaye shi ko akwai taba a ɗaya."

In ka nemi fassara, Binwag zai ce addu'a take yi maka. Ka ce amin.

Mataki na 3: Gyara mutanen gari

Za ka ga Dulimay a gefen kominta, Immaya a goye. Matsalarta ɗaya, ba ta yi kama da 'yar ƙauye ba. Rigar kamfen ce a jikinta mai fuskar wanda bai ci zaɓe ba, ga takalmin roba har gwiwa. Aika Binwag ya ce ta je gida ta ɗauro jan zanen saƙi. In ta ƙi, rage buri, nemi jaririyar kawai. Ka ce a zaunar da ita a bakin ganuwar da ke tare ruwan komin, dutsen duka a bayanta.

"Yaya, wai ko za ki ɗan ajiye Immaya a bakin nan, yanzu a ɗauke ta."

"Ka taɓa leƙa ƙasan ganuwar nan?"

"Na faɗa masa."

"Sake faɗa masa. Tsayin mutum biyu ne, kuma dutse ne ba katifa ba. In yana son yaro a bakin rami, ya je ya haifi nasa."

Za ta ja majanyi ta rufe kan yarinyar, ta juya maka baya, ta haura gonar sama gyaran hanyar ruwa. Kada ranka ya ɓaci. Ai ta yi maka alheri, don gona ta fi kyau in babu manomi a ciki.

Mataki na 4: Cire ƙullin karan nan

A kusurwar komin za ka ga kara a kafe, an ƙulle ganyensa. Pudong muke ce masa. Ko yaron da bai iya magana ba ya san in ya gan shi sai ya canja hanya. Jiya Dulimay ta yaɓe ganuwar da sabuwar laka, da hannu da diddige, ta kafa shi don kada a taka kafin ta bushe.

Amma yana ɓata maka kusurwar hoto. Tuge shi. In kana da fasaha, soka shi a hula.

Yanzu duba hanyoyi biyun da ke gabanka. Ta duwatsu karkatacciya ce, ga gansakuka. Ta laka kuwa sumul, kamar don kai aka share. Binwag yana can baya yana zaro takalmin wata baiwar Allah daga taɓo, don haka ba mai damun ka. Hau. Kafa ƙafafu ukun nan, ka danna su da kyau su shige, kada hoto ya yi rawa. Sannan ka yafuto 'yan tafiyarku. Ƙa'idar ɗaukar hoto a rukuni ita ce, inda ɗaya ya tsaya nan kowa zai tsaya, ko da dutsen ya kai girman gari.

Mataki na 5: In ganuwa ta fashe, ci gaba da ɗauka

Da farko ɗan siririn ruwa ne zai biyo ramin sandarka. Sai ƙasa ta yi taushi a ƙarƙashinku, ku yi tsalle ku koma kan duwatsun da kuka raina. Sai bakin ganuwar ya buɗe, ruwan komin ya kama hanya, yana jan yabanya tsumagiya-tsumagiya yana zubar da ita gonar ƙasa. Daga inda kake zai yi kama da ƙaramar magangarar ruwa mai ratsin kore. Wani a cikinku zai ce kai, ya yi kyau. Gaskiya ya faɗa.

Dulimay ba za ta yi ihu ba. Za ka dai ji takalmin roba a kan duwatsu, hannunta ɗaya tallafe da goyo.

Mataki na 6: Karɓi abin da aka miƙo maka

Binwag ya riga ya yar da tuta ya kwanta a bakin ɓarakar, ya toshe da bayansa. Saura mai yaɓe. Dulimay ba ta shiga da goyo, laka har cinya, ga rami a baya. Kaka Ginamay ta yi nisa. Sauran 'yan tafiyarku duk ido a kyamara. Kai ne mafi kusa.

Za ta dube ka daga hula har takalmi, kallon da ake yi wa kazar kasuwa da ba a yarda da lafiyarta ba. Sai ta tura ka can jikin dutse, nesa da baki.

"Zauna."

Ba za ka nemi fassara ba. Za ta zare kyamarar daga wuyanka don kada ta ƙwale kan yarinya, ta jefa ta kwandon da take tara dodon koɗi, ta kwance majanyi ta ɗora maka Immaya.

"Riƙe kan. Ba haka ba, nan. Binwag, gaya masa in ya miƙe tsaye da ita..."

"Yaya, bakina cike yake da laka."

"To ya gani a fuskata."

Za ta tuge sandarka, ta kafa ta a tsakiyar ɓarakar, ta cusa ciyawa da duwatsu a tsakanin ƙafafun, ta bi da laka. Duk dunƙule ɗaya sai ta waiwayo ta dube ka.

A daidai nan gajimare zai yaye. Rana za ta faɗo kan dutsen, gona bayan gona tana kamawa da haske har ƙasan kwari. Wannan shi ne abin da ka kwana a mota dominsa. 'Yan tafiyarku za su yi ta ƙyas-ƙyas. Kai hannunka biyu duk a cike, Immaya ta damƙe maka hanci, wani ɗumi yana bin aljihunan wandonka ɗaya bayan ɗaya.

Kada ka motsa. Kada ka nemi ka ɗauka da hannu ɗaya. Tafin hannunka ya tsaya a ƙeyarta, bayanka a jikin dutse, har uwarta ta fito. Duk takardar nan wannan ne kaɗai wurin da ba wasa nake yi ba.

Mataki na 7: Tafi kafin a gama tsinta

Mata za su gangaro daga gonakinsu da faifai, su shiga gonar ƙasa suna tsintar yabanyar da ba ta karye ba. Kaka Ginamay za ta iso daga baya, tana dogara sanda, ta tsaya a kanka.

"Ashe ya iya raino. Binwag, a bar mana wannan, ka tafi da sauran."

"Kaka, jirginsa jibi ne."

"Jirgin ya tafi mana. Me ya iya a can?"

Dulimay za ta ɗauraye hannu ta karɓi 'yarta. Za ta duba kai, ta duba bayan kunne, ta buɗe 'yan yatsu, ta shinshina wuya. Sai ta faɗi wata gajeriyar magana ba tare da ta kalle ka ba. Wannan karon Binwag zai fassara daidai: ta ce ba ka yar da ita ba. Karɓi wannan, ba ƙari.

Kada ka tambayi sandarka. Ta zama ganuwa, sai laka ta bushe a ga ko za ta fita. Kada kuma ka tsaya jin lissafin da matan suke yi ƙasa-ƙasa, cewa abin da ya tsira ba zai rufe gonakinta ba, na can ƙasa sai dai su zauna ruwa bana. Ciro kyamararka daga kwando, ka ɗaga hannu, ka bi tuta.

A kula

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin jiƙaƙƙen wando ba, ko ƙarnin dodon koɗi a jikin kyamara, ko sunan da za a raɗa maka a ƙauyen nan. Wanda ya bi matakan, shi ya so. Haka nan ba ruwanta, kuma ba ruwanka, in rumbun Dulimay ya yi ƙasa tun kaka da saura. A lokacin an yaye Immaya, 'yar shinkafar da ta rage tata ce. Uwarta ta ce ita dama can ta fi son dankali.